Kafin a ɗora mana harajin hayaƙi, a zo a ga firjin Hajiya

Malam Edita, assalamu alaikum. Ya aiki, ya fama da jama'a, Allah Ya taimaka.

Ni sana'ata gyaran firji da AC ce a nan Kano, shekaru kaɗan da suka wuce kuma na ƙara da haɗa sola tunda ita ke tafiya yanzu. Abin da ya sa na ɗauki waya nake maka wannan dogon rubutu, kwanaki muna zaune a shago da yarana ana jin rediyo sai aka kawo wani masanin tattalin arziki yana bayani kan sauyin yanayi, ya ce maganin abin guda ɗaya ne, a sa wa hayaƙi farashi, duk wanda ya ƙona mai ko gas ko kwal ya biya kuɗin ɓarnar da ya yi wa iska, sauran dokoki da ƙa'idoji na hana kaza a kawo kaza duk ɓata lokaci ne. Wani yarona da ke riƙe da kwampreso ya ɗago kai ya ce, oga wato bayan wannan tsadar man akwai wata kuma? Aka yi dariya aka wuce, amma ni maganar ta tsaya min a rai har na kwana da ita.

Bari in yi wa mutumin adalci tukuna, don maganarsa ba shirme ba ce, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Tun 1920 wani Bature ɗan Ingila mai suna Arthur Pigou ya ce duk wanda sana'arsa ke jawo wa wasu asara ba tare da ya biya ba to a caje shi daidai asarar, kamar mai marina da ke sako ruwan baba cikin kwatar unguwa, shi yana cin riba maƙwabta na shan wari. A 2018 aka ba William Nordhaus kyautar Nobel kan lissafin tattalin arzikin sauyin yanayi, a 2019 kuma masana tattalin arziki sama da 3,000 a Amurka suka sa hannu a takarda guda suna cewa a sa harajin hayaƙi a mayar wa mutane kuɗin a aljihunsu. Hikimar ita ce gwamnati ba sai ta bi kowa gida tana ce masa ga abin da za ka yi ba, in abu ya yi tsada kowa zai nemo wa kansa mafita mafi sauƙi, mai masana'anta ya canja inji, mai mota ya rage yawo. Ana yinsa iri biyu, ko haraji kai tsaye kan kowane tan na hayaƙi, ko a ƙayyade yawan hayaƙin da za a fitar a shekara a raba takardun izini kamfanoni su riƙa saye da sayarwa a tsakaninsu, irin wanda Tarayyar Turai ta fara a 2005.

Kuma akwai inda ya yi aiki, ba na musu. Siwidin ta fara nata harajin tun 1991, yau ya wuce dala 100 kan tan ɗaya, hayaƙin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma arzikinsu bai tsaya ba. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba, lokacin da aka tsawwala wa mutumin Siwidin kuɗin man ɗumama ɗaki akwai abin da zai koma, wutarsu ta ruwa ce da nukiliya, ga bututun ruwan zafi da aka ja cikin garuruwa ana dafa shi da ragowar itace da shara. An kore shi daga wannan ɗaki amma ƙofar ɗaya ɗakin a buɗe take.

To duba sauran wuraren. Ostireliya ta fara a 2012 zamanin Julia Gillard, abokin hamayya Tony Abbott ya hau kan maganar ya ci zaɓe da ita, a 2014 aka soke. Faransa a ƙarshen 2018 aka ce za a ƙara harajin mai saboda yanayi, mutanen ƙauye da na bayan gari waɗanda ba su da jirgin ƙasa ko bas sai motarsu suka sa riguna masu ruwan ɗorawa suka tare hanyoyi sati bayan sati har sai da gwamnatin Macron ta janye. Wanda ya fi ba ni mamaki Kanada, don su sun yi abin da masanan suka ce a yi, sun fara da dala 20 ta ƙasarsu a 2019 ya hau har 80 a 2024, kuma ana mayar wa magidanta mafi yawan kuɗin ta asusun banki, amma duk da haka mutane sun fi tuna abin da suka biya a gidan mai fiye da alat ɗin da ya shigo musu, Mark Carney yana hawa mulki a 2025 abin da ya fara yi shi ne cire shi daga kan talakawa. Nan kusa da mu ma Gana ta sa harajin hayaƙi kan motoci da masana'antu a farkon 2024, Shugaba Mahama ya dawo mulki a 2025 ya soke. Yanzu dan Allah Malam Edita, ƙasar da ake mayar wa mutum kuɗinsa da gaske bai yarda ba, ina ga mu da aka sha ce mana kuɗin tallafi za a yi mana hanya da asibiti da shi?

Ni abin da nake so masu wannan magana su gane, mu fa an riga an gwada mana abin, suna kawai ba a ba shi ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Na zauna na yi ɗan lissafi a bayan kwalin kwampreso. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana ba da wajen kilo 2.3 na iskar kabon, in ka ɗauka ƙarin naira 700 aka yi a lita, to kamar an caje ka naira 300,000 ne da ɗoriya kan kowane tan, a canjin naira 1,500 wajen dala 200 kenan, wato ya fi na Siwidin ɗin da ake kafa mana misali da ita. Na san wani zai ce ai wannan ba haraji ba ne, cire tallafi ne da faɗuwar naira, gaskiya ne, amma aljihun ɗan adaidaita bai san bambanci ba.

Kuma farashin ya yi aikinsa, ba zan ɓoye ba tunda ni kaina na ci moriya. Alhazan da ke da mota uku suka koma ɗaya, masu janareta suka fara kirana in zo in auna musu rufin ɗaki, akwai watan da ban zauna a shago ba saboda aikin sola. Wani ɗan'uwana mai noman rani a wajen Kura da ke kwana yana zuba wa injin ban ruwa fetur, da ya ga tumatir ɗin ba zai biya kuɗin mai ba sai ya sayar da shanu biyu ya sa fanel da famfo. Shi yana da shanun sayarwa. Wanda gonarsa ke gefen tasa bai da su, sai ya rage fili ya noma rabi.

A gidana kuwa wani abu ne daban ya faru. Da gas ɗin girki ya yi tashin gwauron zabi, kananzir kuma dama ya daɗe da fin ƙarfin talaka, sai uwargida ta tura silinda ƙarƙashin gado ta fito da abacha, muka koma gawayi. Ba mu kaɗai ba, layinmu kaf da magariba hayaƙi ne ke tashi, kuma duk mai bin manyan hanyoyin shigowa Kano ya san yadda motocin gawayi da icce suke shigowa a danƙare. Wato an tsawwala wa wuta mai tsafta, an koma sare bishiya a yankin da hamada ke matsowa, mata da yara na shaƙar hayaƙi a madafi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Wannan ba ya fitowa a lissafin masanin rediyo, don shi a tunaninsa in ka bar fetur sama za ka hau, bai san akwai matakala ta ƙasa ba.

Yanzu bari in kawo ka kan firjin Hajiya da na sa a kan wasiƙar. Wata baiwar Allah ce mai sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, mijinta ya rasu, da firjin take riƙe yara biyar. Firji ne ɗan Kwatano, irin manyan nan na kwance, wanda wani Bature ya gama cin amfaninsa ya jefar tun kafin a haifi babbar 'yarta. Robar murfin ta saki har tana ɗora masa dutsen niƙa don ya rufu, kwampreson baya hutawa ko na minti ɗaya, ka sa hannu a jikinsa kamar ka taɓa tukunyar tuwo. Da na maƙala mita na auna, abin da yake ja ya ninka na sabon firji mai girmansa fiye da sau biyu. Unguwarsu kuma ta faɗa cikin Band A, rukunin da aka ce sun fi samun wuta, waɗanda a Afrilun 2024 aka mayar musu da yunit ɗaya naira 225 daga sittin da wani abu. Na ce Hajiya wannan firjin shi ke cinye ribarki, ki sayi sabo cikin shekara biyu zai mayar da kuɗinsa. Ta kalle ni ta ce, Malam na sani, ai ni ke sayen katin, amma kuɗin sabon a ina zan gan su a dunƙule? Ka dai gyara min wannan. Na canja roba na ƙara gas na karɓi abin da ya sawwaƙa na tafi.

Ka ga wannan mata saƙon farashi ya isa gare ta sarai, ba jahilci ba ne, jari ne babu. In ka ƙara mata wani harajin a kai, firjin nan dai shi zai ci gaba da aiki, abin da zai ragu shi ne cefane. Kuma ita ma gara ita tana da mita. Wajen rabin masu shan wuta a ƙasar nan ba su da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu, ko ka kashe komai ko ka kunna hita da dutsen guga ka kwana kuɗin ɗaya ne, to wane farashi ne zai koya wa wannan mutum tattali? Haka ɗan haya, mai gida ne ya yi rufin kwano ba silin ba taga ta kirki, ɗan haya ne ke biyan kuɗin fanka.

Shi ya sa ni na fi karkata ga doka da ingancin kaya, kuma ba a littafi na karanta ba, da hannuna na taɓa. Lokacin da nake yaron shago gas ɗin firji R12 ne, shi kowa ya sani. Ashe yana cikin masu huda rufin sama da ke tare mana hasken rana mai cutarwa. Ƙasashe suka haɗu a Montreal a 1987 suka sa hannu cewa za a daina yinsa mataki mataki, ba a ce a sa masa haraji kowa ya yi yadda ya ga dama ba, cewa aka yi ranar kaza an daina. Muna nan sai ga R134a, daga baya sai ga R600a, yau yaran shagona wasu ba su taɓa ganin gwangwanin R12 ba. Ba wanda ya yi zanga-zanga, Hajiya ba ta ma san an yi ba. Haka fetur mai darma, an daina shi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, a 2021 aka rufe babinsa a duniya baki ɗaya. Kwan fitila ma haka, Turai ta hana mai zaren nan tsakanin 2009 da 2012, masana'antu suka rungumi LED har ya yi arha, yau kwan wat 9 na ba da hasken da na wat 60 ke bayarwa. Ita kanta solar nan da nake ci da ita ba harajin hayaƙi ne ya karya farashinta ba, Jamus ce ta yi doka a 2000 cewa duk mai fanel za a sayi wutarsa da daraja, Sin ta buɗe masana'antu, cikin shekara goma daga 2010 farashin ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100.

Gana ta burge ni a nan, kuma 'yan'uwanmu na Zango a Kumasi da Nima za su ba da shaida. A 2007 da ruwan dam ɗin Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnati ta raba kwan fitila mai tattalin wuta miliyan 6 kyauta ta karɓe tsofaffin. Daga baya suka hana shigo da firji na hannu, dokar ta fara aiki sosai a 2013, suka wajabta manna takarda mai taurari a jikin firji da AC don mai saye ya san abin da zai sha, sannan suka ce kawo tsohon firjinka a rage maka kuɗin sabo. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar abin, don in ka hana ɗan Kwatano ba ka ba Hajiya hanyar sayen sabo ba, to ka raba ta da sana'a ne kawai.

Kar kuma a ce na mayar da doka waliyyiya. Ko a Turai da Amurka an kama kamfanin Volkswagen a 2015 ya sa wa motocinsa dabarar da ke rage hayaƙi lokacin gwaji kaɗai, balle nan. A kasuwa ina sayen kwan da aka rubuta wat 18 a kwali in auna in ga bai kai rabi ba, sati uku ya mutu, fanel ma akwai wanda lambar da ke bayansa ƙarya ce tsagwaronta, batir kuwa kar ma a yi magana, akwai wanda na taɓa fasawa na tarar an cika gindinsa da abin ƙara nauyi. Ƙaramin janaretan nan mai hayaƙi da ake haɗa masa mai da baƙin mai an ce an hana shigo da shi tun 2015, je ka kasuwa ka gani. Sannan akwai halin ɗan Adam, wanda na sa wa LED yanzu baya kashe fitila ko da rana tunda ai ba ta shan wuta, wanda na sa wa AC mai inbata ya ƙaro na biyu a ɗakin amarya. Wani Bature Jevons ya lura da wannan tun 1865 a kan kwal, in abu ya yi sauƙin sha sai a ƙara shansa. A nan kam masanin rediyo yana da gaskiya, in wuta kyauta ce ba mai tattalinta.

To ina ya kamata farashin ya sauka? Ai ga wurin nan a fili ana ganinsa har daga sama da dare. Gas ɗin da ake ƙonawa a banza a Neja Delta, an yi dokar hana shi tun 1979 aka ce daga 1984 an daina, aka buɗe ƙofar cewa mai so ya biya tara ya ci gaba, tarar kuma ta yi shekaru tana naira 10 kan kowace ƙafa 1,000 ta gas, kuɗin da ko alawa ba zai saya ba, sai a 2018 aka mayar da ita dala 2 ga manyan kamfanoni. Yau sama da shekara arba'in da wa'adin, wutar na nan tana ci, mu kuma muna nan muna hura gawayi. Ka ga nan ga doka ga farashi duk an haɗa, abin da aka rasa mai tsayawa ya karɓa ya kuma hukunta. Waɗannan kamfanoni ƙidayayyu ne, suna da akanta suna da injiniyoyi suna da jarin canja inji, su ne irin mutanen da Pigou yake nufi. A fara da su, da masu siminti da taki da ƙarfe. Dama ko mun ƙi ko mun so Tarayyar Turai ta kafa harajin kan iyaka da ya fara cizo daga 2026 kan siminti, ƙarfe, alminiyam da taki, in ba mu karɓi kuɗin hayaƙin a gida ba su za su karɓa a tasharsu. Afirka ta Kudu ta fara nata a 2019 da rand 120 kan tan, kan manyan masu fitar da hayaƙi, duk da ta yi musu rangwame mai yawa.

Ina wannan maganar ne don abin ba nisa yake ba. Dokar sauyin yanayi da marigayi Buhari ya sa wa hannu a 2021, bayan ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa za mu kai matakin ba ƙarin hayaƙi a 2060, ta buɗe ƙofar harajin kabon, sabuwar dokar haraji ta 2025 ma tana ɗauke da ƙarin kashi 5 cikin 100 kan fetur da dizal wanda aka yi ta cece-kuce a kai. Ɗan Najeriya a shekara abin da yake fitarwa wajen rabin tan ne, Ba'amurke ya haura tan 13, Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, amma mu ne ruwa ya ci a Maiduguri a 2024 da Mokwa a 2025. In aka sake ɗora wa ɗan acaɓa da mai zoɓo, ya zama kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Abin da nake roƙo wakilanmu su tambaya kafin su ɗaga hannu, ina mita, ina tsaro a tashar ruwa da kan iyaka da zai hana a mayar da mu juji, ina bashi mai sauƙi da mace irin Hajiya za ta karɓi firji ta riƙa biya duk sati daga cinikin ƙanƙara kamar adashi, ina shirin da zai sa silinda ta fito daga ƙarƙashin gado. Kai kuma Malam Edita, dan Allah ka tura wakilinka ya tsaya a hanyar shigowa gari da asuba ya ƙirga motocin gawayi na kwana ɗaya kawai ya rubuto mana.

Hajiya ta sake kira jiya, firjin ya daina sanyi, ina jin wannan karon kwampreson ne gaba ɗaya. Gobe da safe in Allah Ya kai mu zan je in duba ko akwai na hannu a shago da zai shiga.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai gyaran firji da haɗa sola,
Kano.